Kalmar “comrade”: daga ɗakin kwanan sojoji zuwa gaban sunan mutum

Ɗalibin Nijar da ya tashi da Faransanci tun daga firamare, idan ya zo rubuta Ingilishi, akwai kalmomin da kan yi masa kwanton ɓauna. Sun yi kama da waɗanda ya sani, asalinsu ɗaya, haruffansu kusan ɗaya, amma kayan da ke cikinsu daban. Faransawa na kiran irin waɗannan kalmomi “faux amis”, wato abokan ƙarya, kuma ɗaya daga cikin mafiya yaudara a cikinsu ita kanta kalmar abota ce. A Faransanci yaro ɗan shekara 7 yana da “camarades de classe” a makaranta, yana da “camarades de jeu” a unguwa, ba wanda zai ji wani baƙon abu. Amma wanda ya rubuta wa wata jami'ar Ingila ko Amurka takardar neman gurbin karatu, ya ce ya gudanar da bincikensa tare da “comrades” ɗinsa, mai karanta takardar sai ya ɗan dakata. Soja ne wannan, ko ɗan jam'iyyar gurguzu, ko kuwa ba'a yake yi? Abin da ɗalibin ke nufi “classmates” ne ko “colleagues”. Ga kuma kalma ta uku, “kwamared”, wadda ake ji kullum a labaran Hausa na gidajen rediyon Najeriya, ita ma da inda ta dosa. Uwarsu ɗaya su ukun, amma kowace gidan da ta yi aure daban.

Tushensu ɗaki ne. Latinanci yana da kalmar “camera”, wadda shi ma daga Girkanci ya aro ta, ma'anarta ɗaki mai lanƙwasasshen rufi, irin ginin da maginan Hausa ke kira bakan gizo. Daga gare ta Faransanci ya sami “chambre”, Ingilishi ya sami “chamber”. Har kyamarar ɗaukar hoto daga nan take, domin sunanta guntu ne na “camera obscura”, wato ɗaki mai duhu. A Sifaniyanci kalmar ta zama “cámara”, aka kuma ƙera “camarada” daga cikinta. Da fari suna ne tattarau, kamar garke ko ayari: yana nufin rukunin sojojin da ke kwana ɗaki ɗaya, suna haɗa guzurinsu suna ci tare. A ƙarni na 16 rundunonin Sifaniya sun bazu a Italiya da yankin da ya zama Beljiyam da Holan, kalmar ta bi sawunsu ta shiga harsunan maƙwabta. Faransanci ya karɓe ta a matsayin suna na mace mai nufin dukan mutanen ɗakin, ba da jimawa ba ma'anar ta sauka daga kan rukuni zuwa kan mutum guda daga cikinsa. Wannan tafiya, daga wuri zuwa mutanen wurin, daga mutanen zuwa ɗayansu, sananniya ce a ilimin ma'ana. Jamusanci ya yi irinta da “Frauenzimmer”, wadda ta fara da nufin ɗakin mata, ta koma matan ɗakin, ta ƙare a kan mace ɗaya.

Ingilishi ya karɓi kalmar a ƙarshen ƙarni na 16. An daɗe ana rubuta ta iri-iri kafin ta zauna a siffarta ta yau, inda wasalin tsakiya ya faɗi, na farko kuma ya koma “o”. Shakespeare ya yi amfani da ita a wasan King Lear, a bakin tsohon sarkin da ƴaƴansa suka juya wa baya, yana magana a kan namun dajin da ya gwammace ya zauna da su a fili da ya koma gidan ƴarsa. Ko a wannan wuri ana iya ganin ƙashin bayan ma'anar. Sarkin bai ce yana ƙaunar namun dajin ba. Abin da zai haɗa su shi ne hali ɗaya: sanyi ɗaya, yunwa ɗaya, rashin matsuguni ɗaya.

A nan “comrade” ta rabu da sauran kalmomin Ingilishi da ke kewaye da ita. Mutum shi ke zaɓen “friend” ɗinsa, don jininsu ya haɗu. Soja kuwa ba ya zaɓen wanda za a kwantar kusa da shi a bariki, kuma yana iya ƙin halinsa ƙwarai, amma ranar da wuta ta buɗe shi zai ɗauko shi a kafaɗa. “Companion” ta fi taushi. Asalinta Latinanci ne, “com” da “panis”, wanda ake cin gurasa tare da shi, daga nan ne ma Faransanci ya sami “compagnon” da “copain”. A Ingilishin yau tana nufin wanda ke ɗebe wa mutum kewa a tafiya ko a zaman gida, har kare ana kiransa haka. “Ally” kuwa daga aikatau na Latinanci mai nufin ɗaurewa take. Ƙulli ne tsakanin ɓangarori biyu da kowane ke tsaye da ƙafarsa, maslaha ta haɗa su, ranar da maslahar ta ƙare a kwance ƙullin. Birtaniya da Amurka da Tarayyar Sobiyet “allies” ne a yaƙin duniya na biyu, bayan 1945 ba a ɗauki shekaru masu yawa ba suka ja daga. Shi ya sa ake cewa ƙasa “ally” ce ta wata ƙasa, amma da wuya a ji an kira ƙasa “comrade”. Kalmar ta mutane ce masu jini a jika, waɗanda wahala ɗaya ta rufe a ɗaki ɗaya.

Abin sha'awa ne yadda harsuna ke ɗebo irin waɗannan kalmomi daga abubuwan yau da kullum. “Mate” ta Ingilishi, wadda ke cikin “classmate” da “roommate”, dangin “meat” ce, asalinta abokin cin abinci. “Fellow” daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai take, tana nufin wanda ya zuba dukiyarsa tare da ta wani. “Tovarishch” ta Rashanci tana da alaƙa da “tovar”, kayan sayarwa, wato abokin fatauci. “Rafiƙ” ta Larabci abokin hanya ne. Ɗaki, akushi, jaka, hanya: ba a cika samun kalmar zumunci da aka gina a kan tunani tsagwaronsa ba, sai ko irin “tongzhi” ta Sinanci, mai nufin masu manufa ɗaya.

Kusan shekara 300 “comrade” ta yi a Ingilishi ba ruwanta da siyasa. Abin da ya jawo ta ciki matsala ce ta kiran mutane. Duk al'ummar da ke da sarauta tana da kalmomin kira masu nuna wane ne sama, wane ne ƙasa. A 1960 Roger Brown da Albert Gilman sun yi fitaccen nazari a kan wakilan suna irin “tu” da “vous”, inda suka bambanta kira iri biyu: na iko da na zumunci. Alamar kiran iko ita ce ba a mayar da shi. Talaka ya ce wa hakimi “ranka ya daɗe”, hakimi ba zai ce masa haka ba. Kiran zumunci kuwa yadda aka ba da shi haka ake karɓar sa. Masu juyin juya halin Faransa sun fahimci wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa bayan 1789 suka yi ƙoƙarin ture “monsieur” da “madame” su sa “citoyen” da “citoyenne”. Ƴan gurguzun ƙarni na 19 sun nemi abin da ya fi haka kusanci. A Jamus sun ɗauki “Genosse”, wanda ake cin moriyar abu ɗaya da shi. Da ƴan uwansu na Ingila suka nemi kwatankwacinta, sai suka miƙa hannu ga tsohuwar kalmar sojoji. Ƙamusoshin tarihin Ingilishi suna kai wannan sabon amfani zuwa 1884, a jaridar ƴan gurguzu ta Landan mai suna Justice.

Ba dole ba ne a ce kalmar ɗaki ce za ta faɗa hannun masu ra'ayin gurguzu. A Italiya akasin haka aka yi: ƴan kwaminis suka riƙe “compagno”, kalmar gurasa, mabiya Mussolini suka ɗauki “camerata”, kalmar ɗaki, har yau kuma wanda ya musanya su a taron siyasa a Roma ya jawo wa kansa magana. A Jamusanci “Kamerad” ta zauna wajen sojoji, a bakin ƴan siyasa kuma ta fi karkata ga masu tsattsauran ra'ayin dama. A Sifaniya ɓangarorin biyu duka sun yi amfani da “camarada”. Wannan ya isa ya nuna cewa launin siyasar da kalma ke ɗauka ba daga asalinta yake fitowa ba, daga bakin da ya riga kama ta ne.

Abin da ya ƙarasa rina kalmar Ingilishin da ja shi ne fassara. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, “tovarishch” ta zama kiran hukuma a Tarayyar Sobiyet, daga shugaban jam'iyya har direban tarago, mace da namiji. Duk jarida da littafi da fim na Ingilishi da ya kawo maganar mutanen Sobiyet da “comrade” ya fassara ta. Sai kalmar ta wayi gari tana ɗauke da nauyin wata kalma ta wani harshe. A can kuwa an riga an ga ɗaya fuskar kiran daidaito: wanda ke iya ba da shi yana iya hana shi. Fursuna a Tarayyar Sobiyet ba shi da izinin kiran mai gadinsa ko mai tuhumarsa “tovarishch”, sai dai ya ce “grazhdanin”, wato ɗan ƙasa. Ranar da aka daina kiran mutum da kalmar, ya san an fitar da shi daga ɗaki. George Orwell ya kama wannan sarai a Animal Farm na 1945, littafin da masu karatun Hausa suka sani da Gandun Dabbobi. Dabbobin suna kiran juna “comrade” tun daga daren da aka fara shirya tawaye, aladu na ci gaba da furta ta alhali suna cinye madara da tuffa su kaɗai, a babin ƙarshe kuma shugabansu ya sanar da cewa an soke al'adar kiran.

Saboda haka a Ingilishin Birtaniya da Amurka na yau kalmar tana zaune a gidaje biyu da rabi. Na farko gidan soja, inda har yanzu take da martabarta: “comrades in arms” su ne waɗanda aka yi fama tare, “fallen comrades” waɗanda suka faɗi a fagen daga, kuma a wannan ma'ana shugaban ƙasa mafi ƙin gurguzu yana furta ta ranar tunawa da mazan jiya ba tare da ya ji komai ba. Na biyu gidan ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun hagu. A tarukan jam'iyyar Leba ta Birtaniya har yanzu akan ji mai jawabi ya buɗe da ita. Rabin kuwa ba'a ce. Tun zamanin yaƙin cacar baka, Ba'amurke idan ya ce wa abokin gardamarsa “comrade”, zarginsa yake yi da kwaminisanci. A wajen waɗannan wurare kalmar tana ƙamshin tsohon littafi. Wanda ke son ambaton daɗin zama tsakanin abokan aiki ko ƴan ƙwallo ba tare da inuwar siyasa ba, sai ya koma ga “camaraderie”, wadda Ingilishi ya sake arowa daga Faransanci a ƙarni na 19, da wasalinta na tsakiya cif.

Faransanci bai yi wannan ƙuntatawa ba. Ya ƙara ma'anar siyasa a kan tsohuwar, bai zubar da ta yara da ta makaranta ba. Wannan shi ne ainihin ramin da ɗalibin da aka ambata a farko ke faɗawa: da'irar “camarade” ta fi ta “comrade” faɗi nesa, duk “comrade” ana iya mayar da shi “camarade”, amma ba kowane “camarade” ke komawa “comrade” ba.

Ingilishin Afirka kuwa ya bi tasa hanyar, domin a nahiyar kalmar ta iso ne tare da gwagwarmayar neman ƴanci da ƙungiyoyin ma'aikata, ba ta kuma taɓa zama abin kunya ba. A Afirka ta Kudu ma'anonin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Akwai tseren Comrades Marathon, mai tsawon kusan kilomita 90 tsakanin Daban da Pitamarisbag, wanda wani tsohon soja, Vic Clapham, ya kafa a 1921 don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko. Akwai kuma “comrades” na shekarun 1980, matasan unguwannin baƙar fata da suka yi fito-na-fito da mulkin wariyar launin fata, kuma har yau ƴan jam'iyyar ANC da wannan kira suke kiran juna. A Zimbabuwe jaridun gwamnati sun saba sa “Cde” a gaban sunan shugabanni. A Kenya ɗaliban jami'a ne suka mallake ta, har ta kusa zama ma'anar ɗalibi. Tanzaniya ta zamanin Julius Nyerere ta ƙi aro, ta ɗauko “ndugu” daga Suwahili, kalmar da ke nufin ɗan uwa na jini. A ɓangaren masu Faransanci, Thomas Sankara ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987 ana kiransa “camarade président”. A Nijar kowa ya san gidajen kalmar: tarukan ƙungiyar ɗalibai ta USN, ƙungiyoyin ƙwadago, da kuma, a da, jam'iyyu irin PNDS-Tarayya. Duk wanda ya taɓa halartar taron tunawa da 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, ya ji yadda ma'anar soja da ta siyasa ke narkewa su zama ɗaya a cikin “camarades”.

Ta ƙofar Najeriya kalmar Ingilishin ta shigo Hausa, kuma siffar da ta ɗauka ta cancanci a tsaya a kanta, domin kowace gaɓa tana da labari. Gaɓar farko ba ta da wuya. Gajeren wasalin /o/ bai zauna daram a tsakiyar kalmar Hausa ba, don haka sai kewayen leɓɓa ya tashi daga kan wasali ya koma kan baƙin da ke gabansa, /ko/ ta zama /kwa/. Haka aka sami kwamiti da kwaleji da kwamishina da kwafi, kuma ana ganin dangantakar sautukan biyu a cikin harshen kansa, tsakanin ƙwarya da jam'inta ƙore. Gaɓa ta biyu ta fi daɗin nazari. Tsarin gaɓar Hausa bai hana a ce “kwam-red” ba, wasu ma haka suke rubutawa. Amma jerin /mr/ baƙo ne a Hausar Kano, saboda tsohon sauyin nan da August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920, wanda ya mayar da /m/ ta ƙarshen gaɓa zuwa /u/ a gaban /r/. Shi ya sa Bakano ke cewa aure da ɗaure, alhali a karorin yamma da arewa ana jin amre ko arme, ɗamre ko ɗarme. Da dokar tana aiki har yanzu, da “kwaured” aka samu. Ba ta aiki, amma ta bar gurbi, sai aka saƙala wasali tsakanin baƙaƙen biyu. Ta haka Hausa ta mayar wa kalmar wasalin da Ingilishi ya yar shekaru ɗaruruwa da suka wuce, “kwamared” ta fi “comrade” kama da kakarsu “camarada”, ba da niyyar kowa ba.

Ƙarshen kalmar kuma yana tona shekarunta. Tsofaffin kalmomin aro masu ƙarewa da /d/ duk an rufe su da wasali: burodi, gadi, yadi. Bisa wannan ƙa'ida “kwamaredi” ya kamata a ji. Rashin wasalin yana nuna cewa kalmar ta shigo ne a baya-bayan nan, ta bakin masu ilimin boko da suka san yadda take a Ingilishi, ba ta bakin kasuwa ba.

Sauyin da ya fi girma ba a sauti yake ba, a nahawu yake. “Comrade” a asalinta suna ne mai neman abin jingina, kamar aboki ko maƙwabci ko ƙane. Ba a zama aboki haka kawai, sai abokin wani. Amma Bahaushe yana cewa “wane ai kwamared ne” ya yi shiru, jimla ta cika, kuma abin da ake fahimta shi ne mutumin ɗan gwagwarmaya ne, ko jami'in ƙungiyar ƙwadago, ko mai fafutukar kare haƙƙi, ko shugaban wata ƙungiyar matasa. Da wuya a ji wani ya ce “kwamared ɗina” yana nufin wanda suka sha wuya tare. Jam'inta ma bai zauna ba, an fi cewa “su Kwamared wane” ko a koma ga “ƴan gwagwarmaya”. Mazauninta na ainihi gaban suna ne, layi ɗaya da Alhaji da Malam da Dakta da Injiniya da Barista. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta NLC daga 1999 zuwa 2007, ya shiga gidan gwamnatin jihar Edo a 2008 da laƙabinsa, aka riƙa kiransa gwamna kwamared. Shehu Sani ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a majalisar dattawa daga 2015 zuwa 2019, kuma kafofin labaran Hausa ba su fasa ce masa Kwamared ba.

Idan aka ɗora wannan a kan ma'aunin Brown da Gilman, sakamakon a fili yake. Matashin da ya gaida shugaban ƙungiya da “Kwamared, barka da isowa” ba ya sa ran a mayar masa da kiran. Kalmar da aka ɗauko musamman don ta rushe laƙabi ta zama laƙabi. Wasu na ganin wannan lalacewa ce, amma a mahangar kimiyyar harshe ba abin zargi a ciki. Tsarin kira na Hausa yana da gurbi mai ƙarfi a gaban suna, gurbin da ke gaya wa mai sauraro matsayin mutum kafin a kai ga sunansa, kuma duk kalmar da ta tsaya a nan sai ta ɗauki aikin gurbin. Abin da kwamared ta kawo sabo shi ne laƙabin da ba ya bukatar digiri, ko kujerar Makka, ko naɗin sarki. Wataƙila shi ya sa ta yi farin jini wajen matasa, shi ya sa kuma take saurin zama abin tsokana.

Me ya hana a fassara ta tun farko, kamar yadda Suwahili ya yi? Ba ƙarancin kalmomi ba ne. Hausa tana da “aboki”, sai dai faɗinta ya wuce na “comrade” ta wata fuska mai ban mamaki. Aboki shi ne ɗaya ɓangaren a kowane aiki da ake yi da mutum biyu: abokin tafiya, abokin aiki, abokin ciniki, abokin wasa, abokiyar zama, abokin kuka da ba a ɓoye wa mutuwa. Har wanda ake faɗa da shi bai fita ba, ga abokin hamayya, ga abokin gaba. “Comrade” ba ta taɓa tsallakawa zuwa ɗaya gefen daga. Amini ya yi zurfi da yawa, na mutum ɗaya ne ko biyu a rayuwa, ba a kiran cikakken zaure da shi. “Ƙawa” ta riga ta sami aiki a fassarar “ally”, kuma dalilin nahawu ne: sunayen ƙasashe mata ne a Hausa, don haka Nijar tana da ƙawaye, ana kuma ƙulla ƙawance, kamar na ƙasashen Sahel uku da aka sa wa hannu a Satumban 2023. Ita kanta “aboki” ta ɗanɗana abin da ya sami “comrade” a Amurka: a kudancin Najeriya an mayar da ita sunan da ake kiran ɗan Arewa da shi, sau da yawa da raini.

Akwai kuma kalmar da ta yi daidai da “camarada” gaɓa da gaɓa, amma ba za ta yi aikin ba ko kusa. Hausa ma ta gina dangantaka a kan ɗaki. Ƴan ɗaki ɗaya su ne waɗanda suka haɗa uwa a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kusancin da ya fi na ƴan uba. Amma da zarar an fita daga jini, ɗakin Hausa yana da mai shi. Akwai uban ɗaki da uwar ɗaki, akwai ɗan ɗaki da ƴar ɗaki, wanda ke ƙarƙashin inuwar wani, yana yi masa hidima ana ɗaukar nauyinsa. Ɗakin sojojin Sifaniya na haya ne, ba na kowa ba, shi ya sa ya haifi daidaito. Hoto ɗaya ne, ya ba da kishiyoyin ma'ana biyu, kuma mai fassarar da ya bi asalin kalma ido rufe zai mayar da ɗan juyin juya hali bara.

Abin da ya rage wa mai fassara shi ne ya tambayi kowace “comrade” daga wane gida ta fito. Ta soja tana samun masauki a “abokan fama” ko “ƴan uwansa sojoji”. Ta buɗe jawabi, wadda ake jefa wa taro, ba abin da ya kai “ƴan uwa” dacewa da ita, a ce ƴan uwa ma'aikata ko ƴan uwa ɗalibai, domin shi ne kiran Hausa da ake bayarwa a kuma karɓa daidai wa daida. Ta gaban suna ita kaɗai ce “Kwamared”. Ta ba'a kuwa ba ta da kalma guda, sai an sake gina jimlar yadda gatsen zai fito.

Hanyar komawa ta fi haɗari. Mai binciken da ya naɗi hira da Hausa a Maraɗi ko Katsina, aka ambaci “Kwamared wane” a ciki, idan ya mayar da ita “Comrade” a rahoton da za a karanta a Legas ko Nairobi, an fahimce shi. Idan rahoton Landan ko Washinton za shi, ya rataya wa mutumin aƙidar da wataƙila bai taɓa karanta layi ɗaya a kanta ba, alhali shi sakataren ƙungiyar ƴan kabu-kabu ne kawai. A irin wannan wuri gara a ajiye laƙabin, a rubuta sunan mutumin, a bi shi da muƙaminsa a ƙungiyar.